Abincin da Na Ƙi Karɓar Kuɗinsa

Ku da kuke bin labarin 'yata Noemi, ku gyara zama, amma kada ku yi saurin taya ni murna. Ranar da na fi ɗoki a duk shekarar nan ita ce ta zo mini da abin da har yanzu ban ga ƙarshensa ba. Da na san abin da ke tafe, da ban bar Ofelia ta wahalar da kanta wajen goge farar rigata ba.

Ranar Asabar da yamma saƙon ya shigo. Muna kicin, matata Ofelia tana gasa barkono, ni kuma na tsoma hannuna na dama a ruwan ɗumi kamar yadda likita ya ce in riƙa yi. Wayar Noemi ta yi ƙara a kan tebur. Ta duba, ta kife ta, ta sake ɗagawa ta duba.

"Wane ne?" in ji uwarta.

"Ba kowa, Ama."

"Ba kowa ne ya sa kike yi wa firiji murmushi?"

Ofelia ba ta jira amsa ba. Ta goge hannu, ta zare wayar, ta nesanta ta da idonta saboda babu tabarau, ta karanta mana da ƙarfi: "Gobe bayan coci zan zo. Ina son magana da Don Eusebio, ni da shi kawai. Magana ce mai nauyi, ki taya ni da addu'a."

Don Eusebio ɗin ni ne. A gona Chebo ake ce mini. Efrain, wanda ya turo saƙon, shi kaɗai ke kiran sunan har ƙarshensa, haɗe da Don ɗin girmamawa, kamar fada a ranar baftisma.

"Tsoho, tashi in rage maka gashin nan," in ji Ofelia. "Ba za a zo neman 'yata a tarar da kanka kamar tsohuwar tsintsiya ba."

"Wa ya ce miki neman aure ne?"

"To aron tsani zai zo?"

Ta zaunar da ni a baranda, ta yafa mini tawul. Rana tana gangarawa bayan layukan tuffa. An gama tsinka, itatuwan sun yi tsirara, sai ƙamshin 'ya'yan da suka faɗi ƙasa ke tashi, mai zaƙi mai ɗan tsami. Almakashi yana ƙas-ƙas a bayan kunnena, ni kuwa na riga na yi nisa. Na ga bazara ta dawo, furanni suna zubowa fari fat kamar ana kaɗa gari daga sama. Na ga tebura a jere tsakanin itatuwa, Noemi tana tahowa cikin farar riga, hannunta a cikin nawa, kuma hannun nawa ya warke sarai. Har mahaifiyata na gani, wadda ta rasu tun kafin a haifi yarinyar, tana zaune a kan tebur na farko da baƙin gyalenta, tana ɓare lemo.

"Ka daina gyaɗa kai, ko kunnen ne ba ka so?"

"Na ga bikin, tsohuwa. A nan cikin gona."

"Ka ga wanda zai biya makaɗa?"

Abin da na manta a cikin mafarkin shi ne, gonar ba tawa ba ce, gidan ma haka. Na Mista Holstad ne. Shekara ashirin da ɗoriya ina kula masa da ma'aikata, shi kuma ya bar mu a wannan gida mai shuɗiyar ƙofa da ke tsakiyar gonarsa. Ranar da injin yankan reshe ya kama mini yatsu, shi ya ɗauke ni a motarsa zuwa asibiti, jinina ya ɓata masa kujera, bai taɓa tayar da maganar ba. Ku riƙe wannan a ranku.

Ga waɗanda suka shigo labarin a tsakiya, wannan hannun ne ya kawo mana Efrain. Bana Mista Holstad ya tsaya takarar kujerar majalisar gundumarmu, wata malamar asibiti, Graciela Montano, ta tsaya ta kara da shi. A nan ta gidan waya ake zaɓe, don haka na cika ƙuri'ata a kan teburin kicin, na sa a ambulan, na sa hannu a baya, na jefa a akwatin gidan waya. Wanda na zaɓa kuwa, ko Ofelia ba ta sani ba, ku ma ba zan faɗa muku ba. Sai dai yatsu biyu da ba sa lanƙwasuwa ba sa rubutu irin na da. Ofishin zaɓe ya gwada sa hannun da tsohon da ke wurinsu, suka ce ba su yi kama ba, suka ajiye ambulan ɗina gefe. Ashe irina da yawa. Da aka gama ƙirga sauran, tazarar da ke tsakanin 'yan takarar ba ta kai yawan ambulan ɗin da aka ajiye ba. Aka ba mu wa'adi, kowa ya cika wata takarda ya tabbatar da cewa shi ne, sannan a buɗe ƙuri'arsa.

Da wannan takardar Efrain Olvera ya ƙwanƙwasa ƙofarmu. Malamin lissafi ne a sakandare, siriri, da tabarau, da takalmin da ba a yi shi don laka ba. Noemi ce ta buɗe, kanta a naɗe da tawul. Ya ce, "Ina neman Don Eusebio Barajas," amma idonsa bai nemi kowa ba bayan wadda ke gabansa. Na cika takardar, ya sha kofi kofi biyu, ya fita, motarsa ta ƙi tashi.

To ku faɗa mini, me mutum zai yi? Yaro yana da gidaje rututu da zai zaga kafin wa'adi ya cika, yawancinsu na masu tsinkar tuffa ne, a lungunan da ba su da lamba, taswirar waya ma ɓata take yi. Na miƙa masa makullin shuɗiyar a-kori-kurata, na cika mata mai. Noemi ta ce ta san kowane gida, ta ɗauki hutu a wurin aikinta ta zauna a gaba. Ofelia kuwa da ta ji yaran da ke taya shi zagaya gidajen biskit suke ci su wuni, sai ta ɗora babbar tukunya. Kullum da safe tamale mai zafi, wato turararren ƙullun masara da nama a naɗe cikin ɓawon masara, da kunun cakulan a filas, na mutum goma sha wani abu, har wa'adin ya ƙare.

Sau uku Efrain yana zaro takardar banki zai biya. Na ce masa, "A gidan nan ba a sayar wa baƙo abinci. Ka sake fito da ita, ka ga ƙofa." Balle baƙon da ke kallon 'yata kamar ya ga fitowar wata. A garinmu na asali, uban da ya karɓi ko sisi daga hannun mai neman 'yarsa, har jikokinsa sai an yi musu gori. Kuma a tunanina wannan ba siyasa ba ce. An riga an gama zaɓe, an cire hotuna daga bakin titi. Taimakon maƙwabta ne kawai, don a ƙirga abin da suka riga suka jefa. Duk da haka ta hanyar baya motar ke fita, ta gefen madatsar ruwa, don ba na son ta wuce ta gaban ofishin gona.

Ranar Lahadi muka dawo daga coci da sauri. Ofelia ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai ado, wanda ba ya fitowa sai Kirsimeti. Noemi ta sa koriyar rigarta mai ƙananan furanni, ta yi kitso ɗaya ta sako shi ta kafaɗa, ta maƙala 'yan kunnen kakarta. Ni farar riga mai maɓallan ƙarfe, da bel mai kan doki, da hular da nake zuwa biki da ita. Na tsara abin da zan ce. A al'ada ba a amsawa ranar farko. Za ka ce ya turo manyansa da kwandon burodi da 'ya'yan itace, su ma ka ba su wa'adi, don kada a ce 'yarka ta yi maka nauyi.

Da motarsa ta tsaya, Ofelia ta leƙa ta labule.

"Ya sa farar riga. Ya yi aski." Ta ƙara ɗage labulen. "Tsoho, wa ke zuwa neman aure da kwamfuta a hammata?"

"Yaran yanzu ne. Wataƙila hoton gidan da zai kama zai nuna mini."

Muka zauna a baranda ni da shi. Noemi ta kawo kofi mai kirfa, ta ajiye ba ta dubi kowa ba, ta koma ciki. Na ji tagar kicin ta buɗe kaɗan a bayana. Efrain ya riƙe kofin da hannu biyu bai kurɓa ba.

"Don Eusebio, ka san ni ne ma'ajin kamfen ɗin Malama Graciela."

"Na sani. Aiki ne mai kyau, mutum ya iya riƙon amana." Na ɗauka shimfiɗa yake yi, yana nuna mini zai iya riƙe gida.

"Ranar Laraba zan miƙa rahoto ga hukumar da ke sa ido kan kuɗin kamfen. Na tambaye su, sun ba ni amsa a rubuce. Duk abin da aka kashe wajen gyaran sa hannu, ko bayan ranar zaɓe ne, kuɗin kamfen ne, dole a bayyana shi. Wanda aka ba mu kyauta ma haka, ko ba kuɗi ba ne. Mota, mai, abinci."

"To ka rubuta mota, mai, abinci."

"Da sunan wanda ya bayar. Idan kyautar ta wuce wata ƙima, har da adireshinsa da sunan wanda yake yi wa aiki. Taka ta wuce, Don Eusebio. Tukunyar Dona Ofelia kaɗai ta wuce."

Ya buɗe kwamfutar ya juyo mini ita. Ga sunana. A ƙarƙashinsa adireshin gidan nan, wato gonar Holstad. A gefe, inda aka ce wurin aiki, Holstad kuma. A can sama da manyan baƙaƙe, sunan matar da ke neman kayar da shi.

"Wa ke ganin wannan?"

"Kowa. A shafin hukumar ake sa shi. Lauyoyin Mista Holstad kuwa su ne za su fara buɗewa."

Wata iska ta taso daga cikin gona, ta kaɗa busassun ganye suka bi ta kan takalmana. Na ji kamar teburan bikin nan da na jera jiya ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

"Ai ni ban ba Graciela komai ba. Kai na ba. Maƙwabtana na taimaka."

"Na sani. Amma mu ƙofofin da muke zaton namu ne muka fi ƙwanƙwasawa. Su ma can haka suka yi. Shi ya sa doka ta ce kamfen ne."

"To tawa ƙofar fa? Wa ya ce maka ni naku ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Sunanka Barajas, irin sunan mutanenmu. Zato muka yi."

"To fito da takardar bankin nan taka, na fasa. Ka biya ni, ya zama ciniki."

"Sunan zai fito dai, a layin waɗanda aka biya. Da na san haka tun farko, da ban karɓi makullin ba. Laifina ne, ni ya kamata in bincika kafin motar ta motsa."

"Ka rubuta wani ya bayar. Ka ce daga sama ta faɗo."

"A ƙasan rahoton akwai inda zan sa hannu in ce duk abin da ke ciki gaskiya ne. Don Eusebio, na zaga gida gida ina ce wa tsofaffi sa hannunsu yana da daraja, kada su bari a jefar da shi. Ba zan iya ɗora nawa a kan ƙarya ba."

Na kurɓi kofi. Ya huce.

"Akwai magana ta biyu," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Mahaifiyata da kawuna suna so su zo ranar Lahadi mai zuwa da kwando, idan ka ba da izini. Na so in fara da ita. Amma na ga idan ka amsa mini sannan na fito da wannan, na yi maka fashi ke nan."

Jama'a, ga maganar da na yi aski dominta, ta zo a bayan gawa. Shaiɗan kuma ba ya nisa da irin wannan wuri. Na ji bakina yana cewa, "Idan da mutum zai ce maka, ƙofa a buɗe take, amma da sharaɗin a goge wannan layi ɗaya..."

"Kada ka ƙarasa, don Allah," ya katse ni. Bai taɓa katse ni ba. "Idan ka ƙarasa dole in ba ka amsa, kuma ba na so Noemi ta ji ta."

Tagar kicin ta rufe a hankali.

Na ce ya tafi, zai ji daga gare ni. Ya tafi bai ci komai ba, shi ne baƙo na farko da ya taɓa fita daga gidan nan da yunwa.

A ciki na tarar da Ofelia tana naɗe mayafin tebur, tana ninkawa tana sake warwarewa. Noemi tana tsaye jikin firiji, ta cire ɗan kunne ɗaya ta riƙe a hannu.

"Akwai mafita," in ji Ofelia, ba ta dube mu ba. "Ka riga kowa zuwa wurin Holstad. Ka ce yaron ne ya zo da daɗin baki ya karɓi motar, ba ka san ta kamfen ba ce, kuma da ka gane ka kore shi daga gidanka. Zai yarda. Ya san ka."

"Ama."

"Kada ki ce mini Ama. Ke kina da ƙuruciya, ko'ina kika je za ki yi toho. Mu fa? Wa zai ɗauki mai lafiyayyun yatsu takwas aiki ya haɗa masa da gida? Tayil ɗin da kike takawa ubanki ne ya jera shi da gwiwoyinsa. Itacen ɓauren can ranar da kika fara tafiya na dasa shi. A aljihu zan sa shi?"

"Wato a kore shi don ya ƙi yin ƙarya."

"A ce an kore shi. Bayan shekara, idan ƙura ta lafa..."

"Apa," Noemi ta juyo gare ni, "kai ka ce masa a gidan nan ba a sayar wa baƙo abinci. Ashe baƙon ake sayarwa?"

"Ki iya bakinki, da ubanki kike magana," in ji Ofelia. Amma sai ta tura fuskarta cikin mayafin.

Noemi ta shige ɗaki. Ba a jima ba wayata ta yi ƙara, daga bayan bango ɗaya ta turo: "Ba zan gudu ba, Apa. Ba zan yi abin da zai kunyata ka ba. Duk abin da ka yanke zan zauna. Amma zan san abin da ka yanke." Ta bi shi da hoto, ban san lokacin da ta ɗauka ba. Ni ne a jikin a-kori-kura da sassafe, ina miƙa wa Efrain tukunya, mu biyu muna dariya, tururi ya rufe rabin fuskokinmu.

Yau Litinin na fita tun rana ba ta gama fitowa ba. Hazo ya sauka a kwarin, itatuwan suna fitowa daga cikinsa ɗaya ɗaya kamar mutanen da suka zo gaisuwa. Na bi layin da na ga Noemi ta bi a mafarkina. Na gwada maganar Ofelia a bakina, da ƙarfi, ina fuskantar wani tsohon itace kamar shi ne Mista Holstad. "Yaron ne ya yaudare ni." Sau biyu na faɗa. Ko itacen bai yarda ba. Mutumin da ya bar jinina ya bushe a kujerar motarsa bai cancanci in kai masa ƙarya ba, yaron da ya ƙi sayen 'yata da ƙarya shi ma bai cancanci in sayar da shi ba. Sai dai gaskiya ba ta da rufi, ba ta da murhu, kuma sanyi ya kusa.

Na zaro waya. Da yatsan hagu nake rubutu yanzu, a hankali. Na rubuta wa Efrain: "Ka miƙa rahotonka yadda yake. Ka ce wa mahaifiyarka Lahadi ta yi. Kada ta sayo burodin kanti, Ofelia za ta gane."

Amsarsa ta zo kafin in mayar da wayar aljihu: "Na gode, Don Eusebio." Sai wani ya biyo baya: "Ka yafe mini."

Na koma gida in sanya rigar aiki, don na yanke shawarar zuwa ofis da ƙafata in faɗa wa mai gona kafin ya gani a shafi. Na nuna wa Ofelia saƙon. Ta karanta, ta nesanta wayar, ta sake karantawa. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce na yi wauta ba.

"Idan ka biyo ta rumbun tuffa ka taho mini da kwalaye," in ji ta. "Manya."

Ban tambaye ta ko na tamalen Lahadi ne ko na kwashe kaya ba.

Ina ɗaura igiyar takalmi wayar ta sake yin ƙara. Na ɗauka Noemi ce. Mista Holstad ne, mutumin da a shekara ashirin bai turo mini saƙo ya kai biyar ba, ya fi son ya tsaya da mota ya danna ham. Ya rubuta: "Chebo, ka biyo ofis kafin ka shiga gona. Ka zo da shuɗiyar motar."

Ga ni zaune a cikinta yanzu a ƙofar gida, ina rubuta muku wannan, inji yana ɗumi, har yanzu tana ƙamshin masara da turaren Noemi. Ban sani ba ko wani ya riga ni kai masa labari, ko kuwa itace kawai yake so a ɗauko masa. Na san ranar Lahadi mahaifiyar Efrain za ta ɗauko kwandonta. Abin da ban sani ba shi ne ko a bayan wannan shuɗiyar ƙofa za ta same mu.